Gaya da iyakar gabas: Yadda Sakkwato ta faɗaɗa mulkinta, da inda Barno ta taka mata birki

A watan Yulin 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar da ta maido da Masarautar Gaya a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Wata biyu kafin nan, shi ne kuma ya rattaba hannu a kan dokar da ta rushe tsarin masarautu biyar da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa a 2019, wanda a cikinsa Gaya ta kasance mai daraja ta ɗaya. A duk tsawon wannan taƙaddama kowane ɓangare tarihi ya riƙa janyowa. Masu son Gaya ta tsaya da ƙafarta suna cewa garin ya girmi birnin Kano, masu adawa kuma suna cewa ba a raba gadon Dabo.

Kowanne yana da abin kamawa, amma zamanin da ya fi yanke hukunci a kan matsayin wannan yanki shi ne shekaru talatin da uku da ke tsakanin hijirar Shehu Usman ɗan Fodiyo a 1804 da rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. A cikinsu ne aka ci gabashin Kano da yaƙi, aka kafa sababbin masarautu a bayansa, aka yi muhawara da Barno da alƙalami kafin a koma ga takobi, Turawan Ingila kuma suka fara zuwa neman yarjejeniya.

Gaya kafin jihadi

Gaya tana gabas da birnin Kano, bayan an ƙetare kogin Wudil, Ajingi kuma tana arewa da ita, tana iyaka da Jihar Jigawa. Labarin baka ya ce a Gaya ne maƙera suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura, kuma daga Gaya ne Abagayawa suka tashi zuwa Dutsen Dala neman tama. Waɗannan labarai ne na asali, ba a auna su da ma'aunin shekara. Abin da suke nunawa shi ne Hausawa da kansu sun daɗe suna ɗaukar Gaya a matsayin ƙofar da baƙo daga gabas yake shigowa ta cikinta.

Rubutaccen Tarihin Kano ya ƙara haske. Ya ambaci zuwan Agalfati, ɗan Sarkin Machina, wanda ya zama Sarkin Gaya a zamanin Sarkin Kano Yakubu, a tsakiyar ƙarni na 15. Machina kuwa ta Barno ce, don haka sarautar Gaya tun a wancan lokaci tana da jijiya a gabas. Littafin ya kuma kawo labarin Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya yi shekara uku bai kai wa Sarkin Kano Dadi haraji ba, har aka yaudare shi ya zo ganawa aka kashe shi. Wannan ya faru ne a zamanin da ya faro daga 1670. Ma'anarsa a fili take: Gaya tana da sarkinta da ƙarfinta, amma Kano tana ganin kanta a matsayin uwar gijiya, kuma a shirye take ta zubar da jini a kan haka. Rano da Dutse da Ƙaraye ma irin wannan zama suke yi da birni.

A saman wannan duka akwai inuwar Barno. Mai na Birnin Gazargamu shi ne babban sarkin Musulmi na wannan sashe na duniya tsawon ƙarnoni, kuma sarakunan Hausa suna aika masa da gaisuwa. Fataken da ke bin hanyar Barno zuwa Gwanja, masu ɗauke da kanwa da gishiri su komo da goro, ta gabashin Kano suke ratsawa.

Tuta

Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni, jama'arsa suka yi nasara a kan Gobir. Abin da ya biyo baya bai yi kama da yadda dauloli suka saba faɗaɗa ba. Sakkwato, wadda ma ba a gina ta ba sai 1809, ba ta da rundunar da za ta aika Kano ko Bauchi ko Adamawa. Abin da Shehu yake bayarwa tuta ce, wato izini. Malamin da ya karɓi tuta yakan koma ƙasarsa ya tara danginsa da almajiransa da duk wanda ke da ƙorafi a kan sarkin da ke ci, ya yi yaƙinsa da kansa. Idan ya yi nasara sai ya yi mubaya'a, ya riƙa aika humusin ganima da gaisuwar shekara. Da wannan dabara daula ta bazu cikin 'yan shekaru ba tare da ta kashe dukiya mai yawa ba. Illarta ita ce kowane mai tuta yana ganin da guminsa ya ci ƙasar, don haka nasa ne ya faɗi yadda za a raba ta.

A Kano jagororin sun fito daga gidaje daban-daban: Malam Jamo na Sulluɓawa, Malam Jibir na Yolawa, Malam Dabon Dambazau, Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Usman Bahaushe, wanda sunansa kaɗai ya isa ya tuna wa mai karatu cewa jama'ar ba Fulani zalla ba ce. Sun yi tasu hijirar zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando, suka fara karawa da rundunonin Sarki Muhammadu Alwali. Gabas ta faɗo a rabon Joɓawa, waɗanda mazauninsu yake a Utai, kusa da Wudil. Malam Bakatsine ne ya jagoranci yaƙe-yaƙen wannan shiyya, kuma a cikinsu ne Gaya ta fita daga hannun Alwali. Rashin gabas ba ƙaramar asara ba ce ga sarkin, domin ta nan ne duk wani ɗauki daga Barno zai biyo.

Ɗaukin da Alwali ya samu daga Katsina da Daura ya zo, amma aka karya haɗakar a yaƙin Ɗanyaya. Alwali ya bar birni, ya nufi Zariya, ya komo ya kafa sansani a Burumburum ta ƙasar Rano, inda aka kashe shi a 1807. Sarautar Kano ta koma hannun Malam Sulaimanu na Mundubawa, limami mai tsoron Allah wanda bai kai sauran jagororin ƙarfin dangi ba, kuma sun sha nuna masa haka.

Wanda ya ɗaure ƙasar tamau shi ne Ibrahim Dabo, Basulluɓe, da ya hau a 1819 ya yi mulki har 1846. Ya tarar da tawaye ta ko'ina, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya farfaɗo da tsofaffin sarautun Haɓe ya raba wa gidajen jihadi, ya kuma kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaro masu ganuwa da mayaƙa, irin su Fanisau. Daga wannan tsari ne Joɓawa suka riƙe sarautar Makama, mai mazauni a Wudil, suna cikin masu zaɓen sarki tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Sarautar Sarkin Gaya ba ta mutu ba, an bar ta cikin manyan sarakunan ƙasa, sai dai naɗi da tuɓewa suna hannun Sarkin Kano.

Akwai wanda ya kuɓuce. Ɗantunku, a arewa, ya ƙi bin Dabo, aka yi shekaru ana fafatawa, a ƙarshe Sakkwato ta amince Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Masu bibiyar rikicin masarautu na yau ya kamata su riƙe wannan: tun a zamanin Dabo an taɓa yankar ƙasa daga jikin Kano, kuma Sarkin Musulmi ne ya sa albarka. Bambancin Kazaure da Gaya shi ne Ɗantunku yana da tasa tutar da nasa mayaƙan.

Wasiƙun Bello da Shehu Laminu

Yayin da ake wannan a Kano, wasu masu tuta sun nausa gabas, cikin ƙasashen da ke bin Barno kai tsaye. Umaru da ƙanensa Sambo suka kafa mulki a Haɗeja, Malam Zaki ya kafa Katagum. A 1808 Gwani Muktar ya shiga Birnin Gazargamu kanta, Mai Ahmad ya gudu, ya miƙa sarauta ga ɗansa Dunama. Daular da ta yi ƙarnoni tana tsaye ta kusa rushewa cikin 'yan watanni.

Wanda ya cece ta malami ne, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa suka fi sani da Shehu Laminu. An haife shi a Fazzan, ya yi karatu a ƙasashen Larabawa, yana da mabiya cikin Kanembu da Larabawan Shuwa. Ya taimaki Dunama ya ƙwato birnin, aka kashe Gwani Muktar. Malam Zaki ya sake cin birnin, aka sake fitar da shi. Daga nan iko ya riƙa zamewa daga hannun Mai zuwa hannun Laminu, wanda ya gina Kukawa a 1814.

Abin da ya sa wannan rikici ya fita daban shi ne an yi shi a rubuce. Laminu ya aika wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar Barno, ƙasar da ta yi shekaru ɗaruruwa cikin Musulunci. Ya amince akwai ɓarna: cin hanci a wurin alƙalai, cin dukiyar marayu, yanka a wuraren tsafi, mata suna fita ba lulluɓi. Amma ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga addini, kuma irinsu suna nan a Masar da Sham ba wanda ya ɗaura musu yaƙi. Bello ya amsa da cewa laifin Barno shi ne ta mara wa sarakunan Haɓe baya a kan jama'ar Shehu, wanda kuwa ya taimaki maƙiyan Musulmi a kan Musulmi hukuncinsu ɗaya. Bello ya shigar da wasiƙun, har da na abokin hamayyarsa, cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812. Wannan adalci ne da ba kasafai mai mulki yake yi wa abokin gaba ba, domin duk mai karanta hujjar Laminu zai ga ba ta da sauƙin turewa. Ba wanda ya janye daga matsayinsa, kuma tambayar da suka bari, wato wane ne ke da ikon kafirta al'ummar da ke salla, ta sake tasowa a arewa maso gabashin Najeriya bayan shekara ɗari biyu, da mummunan sakamako.

Hanyar Tarabulus

A daidai waɗannan shekaru wata ƙasa a ƙetaren teku tana faɗaɗa nata mulkin ta wata hanya. A 1803, shekara guda kafin hijirar Gudu, Shugaba Thomas Jefferson ya sayi yankin Luwiziyana daga Faransa a kan dala miliyan 15, girman Amurka ya kusa ninkawa. A 1819, shekarar da Dabo ya hau, ta karɓi Fulorida daga Sifaniya ta yarjejeniya. A watan Disambar 1823 Shugaba James Monroe ya gargaɗi ƙasashen Turai da kada su sake neman sabon mulkin mallaka a nahiyar Amurka. Amurka da kuɗi da takarda ta riƙa samun ƙasa daga Turawa, sannan ta kori 'yan asalin wurin da bindiga, musamman bayan dokar tayar da su ta 1830. Abin da ya haɗa faɗaɗar biyu shi ne bauta. Gonakin audugar sababbin jihohin kudancin Amurka bayi ne suka noma su, rinjojin da suka kewaye birnin Kano ma haka.

Akwai kuma igiyar da ta haɗa labaran biyu kai tsaye. Yaƙin farko da Amurka ta yi a wajen nahiyarta da Tarabulus ta yi shi, daga 1801 zuwa 1805, a kan kuɗin da mai mulkin birnin, Yusuf Karamanli, yake karɓa daga jiragen ruwa don ya bar su su wuce lafiya. Da kuɗin teku suka riƙa raguwa a shekarun da suka biyo baya, sai Karamanli ya juya fuskarsa ga Sahara. Ya ƙarfafa ikonsa a Fazzan, ya sa ido a kan cinikin Barno, ya kuma kusanci Ingila. Shi ne ya ba da rakiya ga Turawa uku, Dixon Denham da Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, da suka bar Tarabulus a 1822 suka isa Kukawa a watan Fabrairun 1823.

Oudney ya mutu a hanya kusa da Katagum. Clapperton, wanda ya riƙa tafiya da sunan Abdullahi, ya ratso gabashin Kano ya shiga birni a watan Janairun 1824. Ya ƙiyasta mazaunansa tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. A watan Maris ya isa Sakkwato. Bello ya karɓe shi da kyau, ya yi masa tambayoyi a kan ɗariƙun Kiristanci da suka fi ƙarfin sanin baƙon, sannan ya fito da wasu littattafai ya miƙa masa. Na Denham ne, an tsince su a filin daga bayan wani hari da Larabawan rakiya da mutanen Barno suka kai wa wani garin Fulani a kudancin Barno, inda aka fatattake su. Da wannan Bello ya nuna wa baƙon cewa ya san inda abokin tafiyarsa ya shiga. Duk da haka sun tattauna batun turo wakilin Ingila da likita, da buɗe ciniki ta bakin teku, da hana fitar da bayi zuwa ga Turawa, Bello kuma ya rubuta wa Sarki George na Huɗu wasiƙa.

Da Clapperton ya dawo a 1826, wannan karon ta Badagiri, ya tarar iska ta juya. Yaƙi da Barno ya sake ɓarkewa, shi kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa ga Laminu. Bello ya hana shi wucewa, ya karɓe kayan. Ya kuma shaida masa cewa an gargaɗe shi game da Ingilishi, waɗanda suka shiga Indiya da ɗai-ɗai kafin su cinye ta. Clapperton ya ɗauki abin a matsayin cin amana. Amma da wuya a sami shugaban da zai bar baƙo ya ratsa ƙasarsa da bindigogi zuwa ga wanda ke yaƙarsa, zancen Indiya kuwa shekarar 1903 ta gaskata shi. Clapperton ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilun 1827, yaronsa Richard Lander ya koma da takardunsa.

Fake

Yaƙin da ya ɓata wa Clapperton tafiya shi ne mafi girman barazana da gabashin Kano ya fuskanta a wancan zamani. A ƙarshen 1826 Laminu ya taso da babbar runduna, ya ratsa ƙananan masarautun kan iyaka ya shigo ƙasar Kano. Hankalin birni ya tashi. Bello ya tura Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda shi ne ƙofar Kano da masarautun gabas a fadar Sakkwato, ya haɗa kan sarakuna. Wanda ya tari Laminu shi ne Sarkin Bauchi Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar da ba Bafulatani ba. Sun haɗu a Fake a farkon 1827, Laminu ya ja da baya ya koma gida. Mutanen Bauchi har yau suna ba da labarin tambura da sauran kayan sarauta da Yakubu ya ƙwato a ranar.

Bayan Fake babu ɓangaren da ya sake yunƙurin haɗiye ɗaya. Ba a kafa turaku ba, ba a zana taswira ba, amma kowa ya san inda ikonsa ya tsaya. Haɗeja da Katagum suka tabbata a hannun Sakkwato. Bello ya ba Mamman Manga, ɗan Gwani Muktar, garin Misau a 1831, Jama'are ma ta samu matsayinta a cikin shekarun nan. Gumel da Machina da Damagaram suka zauna a ɓangaren Barno. Da Bajamushe Heinrich Barth ya bi hanyar Kano zuwa Kukawa a 1851, a Gumel ya ga ya shiga ƙasar Barno. Bello da Laminu sun rasu a shekara guda, 1837.

Wannan rabo ya canza matsayin Gaya. A da ita ce ƙofar gabas, mai iya juya baya ga Kano idan ta ga dama, domin bayanta akwai wata daula. Yanzu an jera masarautu huɗu na Sakkwato tsakaninta da Barno, ta koma cikin gida, kewaye da ƙasashen da ke amsa umarnin Waziri ɗaya. Sarkin Gaya ba shi da wani babban sarki da zai jingina da shi in ya saɓa da birni.

Zaman lafiya dai bai samu ba. Buhari na Haɗeja ya yi wa Sakkwato tawaye a tsakiyar ƙarnin, ya addabi gabashin Kano har mutuwarsa a 1863. Malaman da suka bar Tsakuwa a kan rigimar haraji suka kafa Ningi, mayaƙanta suka yi shekaru suna kai hari kudu maso gabas. Yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 ma a wannan shiyya ya yi sansani, domin a Takai Yusufawa suka taru. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sai suka mayar da tsofaffin sarakunan ƙasa hakimai, Gaya ta zama gunduma.

Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. Dutse ta tsira daga wannan kai da komowa ne bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, ta zama babban birnin jiha da masarautarta. Layin da ya raba jihohin biyu ya bi ta gefen Gaya da Ajingi, ya bar su a ɓangaren Kano.